Ɗakin Kaka da Tarihin Tatsuniyar Dare

A shekarar 1911 aka buga kundi na farko na Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a birnin Belfast, zuwa 1913 kuma ya cika kundi uku. Sunan Frank Edgar ne a bangon littafin, wani jami'in mulkin mallaka, amma yawancin abin da ke ciki malamai ne suka rubuta da ajami a Sakkwato, bisa roƙon Razdan Burdon. Ba don yara aka yi aikin ba. An yi shi ne don Turawan mulki su sami abin karantawa su ci jarrabawar Hausa. A 1913 ɗin dai R. S. Rattray ya fitar da nasa kundi biyu, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana, abin da ke nuna cewa duk inda fatake suka kafa zango, Gizo da Ƙoƙi sun bi su.

Kafin waɗannan duka akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar a Borno, aka 'yanta shi, ya bi matafiyi Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya riƙe a ka, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Duk lokacin da na tuna da Dorugu sai in tambayi kaina, wa ya ba shi su? Yaron da aka raba da gida yana ƙarami, ya ƙetare hamada da teku, amma abin da wata mata ta faɗa masa da dare bai zube ba. Mun san sunan Schön, mun san na Edgar da Burdon da Rattray, har na Malam Shaihu mun sani. Matan da tatsuniyar take tasu, waɗanda suka raine ta suka kuma yi reno da ita, babu wanda ya rubuta sunayensu a bangon littafi.

Ni a ganina ba za a fahimci tatsuniya ba sai an fara fahimtar yadda Bahaushe yake renon ɗansa a da, domin ba abin nishaɗi ba ce da ta faɗo daga sama. Tsarin gida ne ya haife ta.

Jariri yakan yi kusan shekara biyu a bayan uwarsa, a goye da zane da majanyi, yana jin bugun taɓarya tun bai san mene ne turmi ba. Idan lokacin yaye ya yi, sai a ɗauke shi a kai shi wurin kaka ko gwaggo, a yi masa rubutun sha, a dama masa kunu, ya yi kukansa na kwanaki har ya manta da nono. Sau da yawa daga nan bai sake komawa ɗakin uwarsa da kwana ba, musamman idan ɗan fari ne, wanda al'adar kunya ta hana uwa ko kiran sunansa, balle ta zauna tana yi masa wasa a gaban mutane. Wannan tazarar da kunya ta buɗe, kaka ce ke cike ta. Ita ba ta da kunyar kowa. Jikanta namiji mijinta ne, tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba, jikanyarta kuwa kishiya ce. Da wannan wasan yaro yake samun babban mutum guda da zai iya yi wa tambaya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Akwai shaida a rubuce a kan wannan zaman. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin rayuwarta kuma ya fito a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi ta aurar da su. A wancan zamani mace ba ta rasa ɗa don ba ta haifa ba, yaro kuma ba ya rasa uwa ta biyu da ta uku. Littafin Baba na daga cikin wurare ƙalilan da aka bar tsohuwar Bahaushiya ta yi magana da bakinta.

A gidan da na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Katsina, dare yana da tsari. Ana idar da sallar isha'i an riga an ci tuwo. In da farin wata, manyan yara su fice dandali, 'yan mata da gaɗa, maza da langa. Mu ƙanana, da waɗanda aka hana fita, sai ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, fitilar aci-balbal na hayaƙi a gefe, ga taskirar auduga, ga mazari, ga ɗan alli da take shafa wa yatsu. Ba ta taɓa ajiye kaɗi don ta yi mana tatsuniya ba. Hannu na murza mazari, baki na tafiya. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa "Ta zo mu ji ta." In ta kai wurin waƙa sai ta rera mu karɓa, kuma da karɓar nan take gane wanda barci ya kwashe. Idan muryoyi suka ragu zuwa ɗaya ko biyu, sai ta taƙaita, ta kai ƙurunƙus, ta tofa mana addu'a, ta hure fitila.

Da rana ba a yi. An ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a kasuwa, sai fa in an ɗaure Gizo tukuna. Da na girma na ga hikimar abin: rana ta aike ce da tallan fura da kiwon awaki da makarantar allo, kuma ta wasan da yaro ke ƙera wa kansa. Mu maza mu fere karan dawa mu haɗa mota da ƙaya, mu gina shanu da laka a bakin rafi. Mata su naɗe 'yar tsana da tsumma su goya, su yi tuwon ƙasa a gwangwani. Babu wanda ya saya mana ko ɗaya.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta ruwan Bagaja, yadda Iya ke bayar da ita. 'Yar bora ta yi fitsarin kwance a kan ƙirgi, aka ce ba za a karɓa ba sai ta je ta wanko shi a ruwan Bagaja, wurin da babu wanda ya san hanyarsa. Ta kama tafiya, tana tarar da koguna na abinci iri-iri suna kiranta ta ci, tana wucewa. Ta isa wani gida inda cinya da kare ke zaune, abin da zai sa kowa dariya ko gudu, amma ta yi sallama, ta gaishe su da ladabi, ta yi aikin da aka sa ta. Ta komo da dukiya da dawakai. 'Yar mowa ta ce ita ma sai ta je, ta ci duk abin da ta gani, ta yi wa masu gida izgili, ta komo da abin kunya.

Ku dubi waɗanda ke sauraro. Yara ne 'yan shekara uku zuwa bakwai, rabinsu suna fitsarin kwance, kusan dukkansu 'ya'yan kishiyoyi ne, kowa ya san ɗakin da ake so da wanda ba a so. Iya ba ta taɓa nuna wani da yatsa ba, amma duk mun san da wa take. Yaron da ake tsangwama ya ji cewa irinsa ne ke cin nasara, ɗan gata kuma ya ji inda sangarta ke kai mutum. Maganar da ba ta faɗuwa a tsakar gida ba tare da rigima ba, ita ce tsohuwa ke faɗa cikin duhu ta bakin dabbobi. Shi ya sa ban yarda da masu cewa tatsuniya wa'azi ce zalla ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, kuma sau da yawa yana tsira da abin da ya sata, Kura mai ƙarfi ce ke shan duka. Yaro na koyon ladabi a wurin 'yar bora, yana kuma koyon cewa mara ƙarfi sai da dabara.

Maza ba su daɗe a wannan makaranta ba. Da an yi wa yaro shayi, wajen shekara bakwai, sai ya koma kwanan zaure da karatun dare a bakin wuta, inda ake ba da ƙissoshin annabawa da labaran mazan jiya, tatsuniya kuwa a kira ta ƙarya, zancen mata da yara. 'Yan mata su ne ke zama har aure, su tafi da ita gidan miji. Ta haka ta yi ta wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki.

Boko ya fara da girmama tatsuniya. Abubakar Imam ya aro sunan Ruwan Bagaja ya sa wa littafinsa na 1934, sannan a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya sa aku yana ba ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita. Aikin kaka ke nan aka ba tsuntsu, kodayake yawancin labaran daga littattafan Larabawa da Indiya da Turai ya juyo su. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, don 'yan firamare, kuma da shirin ilimi kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, yara da yawa a takarda suka fara haɗuwa da Gizo. Aiki ne mai daraja, ina kuma yi wa marigayin addu'a. Sai dai tatsuniyar aji da rana ake karanta ta, babu karɓar waƙa, ga tambayoyi a ƙarshe, kuma malami bai san wane yaro ne ɗan bora ba.

Ana yawan ɗora laifin mutuwar tatsuniya a kan rediyo da talabijin da finafinai. Gaskiya ne Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, yanzu kuma ga wayar hannu a hannun ɗan shekara biyu. Amma kafin su akwai abin da ya riga ya motsa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya yi arha, mazari ya koma ƙasan gado, tsohuwa ta rasa aikin da ke zaunar da ita a farke da dare. Sannan babban gida ya watse. Ma'aikaci ya kama haya ɗaki biyu a Kaduna ko Abuja, kaka tana ƙauye, yaye ya zama abin da uwa ke yi ita kaɗai. Uwar da ta yini a wurin aiki ko a kan murhu, in ta miƙa wa ɗanta waya don ya yi barci, ba sakaci ta yi ba. An bar mata aikin da mata huɗu ko biyar ke rabawa a da.

Ba na kiran a koma gidan jiya. Akwai zaluncin da ke cikinsa, tatsuniyar bora da kanta shaida ce. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Tsofaffin da suka ji tatsuniya daga bakin masu kaɗi suna nan da ransu, a ƙauyukanmu da lungunan birane, amma kullum raguwa suke yi. Mai karatu, in kana da irin wannan tsohuwa, ka kai mata yaranka su kwana a ɗakinta, ka roƙe ta ta yi musu, ka ɗauki muryarta da wayar nan taka har da waƙoƙin. Ka rubuta sunanta da garinsu, ka kuma tambaye ta wadda ta koya mata, ka rubuta sunan ita ma.