Chacaltaya: Tarihin Filin Zamiyar da Ƙanƙararsa ta Ƙare

Dutsen Chacaltaya yana cikin jerin tsaunukan Andes a ƙasar Bolibiya da ke Kudancin Amurka, kimanin kilomita 30 daga birnin La Paz, kuma shekaru da dama ana ɗaukarsa a matsayin filin wasan zamiya mafi tsayi a duniya, domin masaukin 'yan wasan yana sama da matakin teku da kusan mita 5,300. Wasan zamiya shi ne mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga gangaren dutse a kan dusar ƙanƙara, wato ruwan sama da ke daskarewa tun a cikin gajimare ya sauko fari fat kamar gari. Filin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta shi da na Turai, gangare ɗaya ne da igiyar ja ɗaya, amma tarihinsa ya zama ɗaya daga cikin hujjoji mafi bayyana a kan abin da ɗumamar yanayi ke yi wa tsaunukan ƙasashe masu zafi.

Abin da ya sa wasan ya yiwu a wurin shi ne wani tulin daskararriyar ƙanƙara da ke manne a gangaren dutsen, irin wanda ke samuwa idan dusar da ta zuba a shekara ba ta narke duka ba, ta baɗi ta hau kanta ta danne ta, har bayan ɗaruruwan shekaru ta zama ƙanƙara mai tauri. Masana sun ƙiyasta cewa na Chacaltaya ya kai kimanin shekaru 18,000. A shekarun 1930 aka kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta Club Andino Boliviano, aka fasa hanyar mota mai kwana-kwana zuwa saman dutsen, sannan a 1939 aka kafa igiyar da ke jan 'yan wasa zuwa sama, wadda injin mota ke juyawa, kuma ita ce irinta ta farko a Kudancin Amurka. A wancan lokacin mazauna La Paz sukan hau a ƙarshen mako, su yi wasa a wurin da iskar shaƙa ba ta wuce rabin wadda ake samu a bakin teku ba, har baƙo yakan ji ciwon kai da haki tun kafin ya ɗaura katakansa, abin da mutanen yankin ke rage wa zafi da shayin ganyen koka.

Yanayin wurin ya sha bamban da na Turai, kuma a nan ne asirin rayuwar filin da mutuwarsa yake. Nisan Chacaltaya daga layin da ya raba duniya biyu ya yi kusan daidai da na Agadas, sai dai shi yana kudu, saboda haka shekararsa ta kasu gida biyu, damina da rani. Daga Disamba zuwa Maris iska kan ɗauko laima daga dazuzzukan Amazon da ke gabas, ta zubar da ita a matsayin dusa a kan tsaunuka, daga Mayu zuwa Agusta kuwa sararin sama kan washe, sanyi ya tsananta, ba a samun zubar dusa sai jefi-jefi. Wannan ne ya sa lokacin wasa ya kasance daga wajen Nuwamba zuwa Maris, wato a watannin ɗumi, domin a tsakiyar sanyi fuskar gangaren kan zama ƙanƙara tsagwaronta, mai santsi da haɗari.

Makonnin ƙarshen damina suna da muhimmanci ƙwarai. Ga mai wasa, su ne kwanakin da ake samun ɓawon ƙanƙara da sassafe, ya yi laushi da hantsi, da azahar kuma dusar ta jiƙe ta yi nauyi a ƙarƙashin katako, kafin gajimare ya taso ya rufe gangaren. Ga tulin ƙanƙarar kuwa, dusar da ta zuba a Maris da Afrilu ita ce rigar da zai shiga rani da ita. Sabuwar dusa tana mayar da mafi yawan hasken rana sama saboda farinta, tsohuwar ƙanƙara mai ƙura kuwa tana shanye shi, don haka idan damina ta ɗauke da wuri, ko ta baɗi ta makara, rana takan sami ƙanƙarar a tsirara a watannin Oktoba zuwa Disamba, lokacin da take tsaye a tsakiyar sama, ta narkar da abin da aka shekara da shekaru ana tarawa.

Tun daga 1991 masana daga Faransa da na jami'ar San Andrés ta La Paz, cikinsu har da Bernard Francou da Edson Ramírez, suka fara auna tulin a kai a kai, suna kafa sanduna a cikinsa suna duba yadda yake raguwa. Tsofaffin hotuna sun nuna cewa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 0.22 a 1940, ya koma 0.14 a 1982, sannan 0.08 a 1996. Shekarun El Niño, wato lokacin da ruwan tekun Fasifik ke yin ɗumi fiye da ƙima ya rikita damina a sassan duniya, sun fi yi masa illa, musamman 1997 zuwa 1998, domin sukan zo wa tsaunukan Bolibiya da zafi da ƙarancin dusa a lokaci guda. Da tulin ya ƙanƙance, baƙaƙen duwatsun da suka bayyana a gefensa suka riƙa ɗaukar zafi suna cin sa daga baki, har ya rabu gida-gida. Masanan sun yi hasashen zai ƙare a wajen 2015, amma a 2009 ya riga ya ɓace, igiyar ja ta tsaya, masaukin ya koma wurin da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon tsaunin Huayna Potosí.

Dutsen bai rasa muhimmancinsa ga ilimi ba, domin a kansa ne masani ɗan Brazil César Lattes ya ajiye faya-fayan ɗaukar hoto da suka taimaka wajen tabbatar da wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta mai suna payon a 1947, kuma har yau akwai cibiyar bincike a wurin da ke auna iska. Amma babban darasinsa ya shafi ruwan sha. Tulin Chacaltaya bai taɓa zama babban tushen ruwa ba saboda ƙanƙantarsa, sai dai maƙwabtansa na yankin Tuni Condoriri suna ciyar da madatsun da La Paz da El Alto ke sha, kuma an ƙiyasta cewa narkewar ƙanƙara na ba da kusan kashi 15 cikin ɗari na ruwan biranen a shekara, fiye da haka a lokacin rani. A Nuwamban 2016, da fari ya ƙafar da wasu madatsun La Paz, aka koma rabon ruwa da tankoki a unguwanni masu yawa, shugaban ƙasar na lokacin, Evo Morales, ya ayyana dokar ta-ɓaci. Alƙaluman da aka tara a wannan ƙaramin fili gargaɗi ne ga miliyoyin mutanen da ke zaune a gindin tsaunukan.