Motoci takwas da matan da ba su gani ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ba kullum ba. Akwai ganin da ke ɓad da mutum, shi ne ganin hoton da wani ya ɗauka, ya zaɓi abin da zai nuna maka, ya ɓoye saura. Yau za mu ɗauko labarin wani tsohon fim da Faransawa sunka yi shekara ɗari da ta wuce. Motocinsu sun bi hanyar nan tamu. Za mu duba yadda sunka nuna matan baƙar fata, sannan mu gwada da abin da tarihin ƙasar Arewa ya riƙe game da mata.

Tafiyar

Ranar 28 ga watan Oktoba 1924 motoci takwas sunka tashi daga Kolom-Beshar, cikin Aljeriya. Na kamfanin Citroën ne. Ƙafafunsu na baya ba taya ba ne, wata irin ɗamara ce ta roba mai juyawa, don kada su kafe cikin rairayi. Mai kamfanin yana son duniya ta san motarsa tana iya ratsa Afirka. Gwamnatin Faransa kuwa tana son mutanenta su ga girman ƙasashen da ta mallake. Shugabannin tafiyar biyu ne, Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun taho da mai zane, da mai shirya fim ana ce masa Léon Poirier.

Sunka ƙetare Sahara, sunka faɗo bakin kogin Isa, sunka sauka Yamai cikin watan Nuwamba. Daga nan sunka kama hanyar Damagaram, wadda ta ratsa Dosso da ƙasarmu, ta wuce Maraɗi da Tasawa. Sunka zarce tafkin Cadi, da Ubangi, da Kwango, har tsibirin Madagaska cikin watan Yuni 1925. Sun koma gida da mita 27,000 na fim. Ranar 2 ga watan Maris 1926 anka nuna shi a babban gidan wasa na birnin Pari, gaban shugaban Faransa. Sunansa La Croisière noire, wato kamar a ce baƙar tafiya.

Fim ɗin bebe ne, kamar sauran na zamanin. Ba a jin muryar kowa. Rubutu ne ke fitowa tsakanin hotuna, kuma Bature ne ya rubuta shi. Ku riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙa.

Abin da sunka nuna

A Dosso sun ɗauki mahayan Zarmakwai bisa dawaki da lifidi. Ko'ina namiji ya fito, akwai abin da yake yi: sarki ne, ko mahayi, ko maharbi, ko mai tuƙa jirgi. Amma idan mace ta fito, jikinta ake nunawa. A Tasawa sun shiga cikin gidan Sarki Barmu, sun ɗauki matansa, sunka kai labari Turai cewa sarkin baƙar fata yana da mata wajen ɗari. A Cadi sun nemo matan Sara masu faifan itace a leɓe. A Kwango sun ɗauki wata mace ta ƙabilar Mangbetu, sunanta Nobosudru, ta juya gefe, da dogon kai da babban kitso, ba riga. Wannan hoto nata shi anka manna bisa bango don tallar fim ɗin. Har masu ɗinkin hulunan mata na Pari sun kwaikwayi kitsonta. Sauran kuwa rawa ce bayan rawa, ƴan mata a jere, ƙirji a buɗe.

Turawa sun yaba fim ɗin ƙwarai, don hotunansa sun fito da kyau. Amma kyan hoto daban, kyan aiki daban. In ana maganar gaskiya, aikin ya lalace ta wuri ukku.

Na farko, gaggawa. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne, ba su yi wata guda bisa hanyar ba. Wanda ya kwana ɗaya a gari ya ga kasuwa da ƙofar sarki, bai ga gari ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Na biyu, rashin tambaya. Ba su jin Hausa, ba su jin Zabarmanci. Ba macen da anka ba bakin magana ta ce ga sunan rawar nan, ga dalilinta, ga lokacinta.

Na ukku, mulki. A kowane zango kwamandan ke tarbonsu, shi ke sa a tara jama'a da makaɗa don baƙi su sha kallo. Zamanin aikin dole ne, wanda ba a soke ba sai 1946. Kwamandan yana iya ɗaure talaka ba shari'a. To, yarinyar da anka ce ta fito ta yi rawa, tana iya cewa a'a? Rawar da anka yi da tsoron bulala sunanta aikin dole, ko da ana kiɗa.

Kasuwar Pari

Me ya sa sunka fi son wannan irin hoto? Don shi ke da kasuwa. Cikin watan Oktoba 1925, ana tsakiyar haɗa fim ɗin, wata yarinya baƙar fata daga Amurka, Josephine Baker, ta fara rawa a Pari. A 1926 anka ɗaura mata ɗamarar ayaba a ƙugu, anka ce ga rawar dajin Afirka. Alhali a garin Sen Luwis na Amurka anka haife ta, a 1906, kuma lokacin ba ta taɓa taka Afirka ba. A 1935 anka sa ta cikin wani fim mai suna Princesse Tam-Tam. An nuna ta makiyayiya ce daga Tunisiya, Bature ya koya mata zaman birni, amma da ta ji ganga sai ta watsar da komi ta faɗa rawa. Abin da ake son ɗan kallo ya fahimta shi ne, komi karatun baƙar mace, ganga ɗaya ta isa ta rushe shi.

Ba laifin Josephine ba ne. Neman abinci ya kai ta, kuma daga baya ta nuna ita mace ce mai zuciya: ta taimaki Faransa a yaƙin duniya na biyu, ta yi yaƙi da wariyar launin fata. Laifin na masu kuɗin ne, waɗanda sunka sassaƙa mace ɗaya cikin kansu, sannan sunka zo Afirka neman mai kama da ita.

Matan da sunka wuce

Yanzu mu komo gida. Da matafiyan sun ratse arewa da Dogon Dutsi, da sun isa Lugu. Shekara 25 kafin zuwansu, cikin watan Afrilu 1899, rundunar wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta biyo ƙasar nan tana ƙone garuruwa, tana jan ɗaruruwan mata da ta kama. Garuruwa da yawa sun watse tun kafin ta iso. A Lugu, mutanen Sarauniya Mangu sun tsaya da baka da kibiya, an gwabza, sannan sunka janye cikin kurmi. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni cikin watan Mayu. Cikin watan Yuli, kusa da Tasawa, Voulet ya sa anka harbe Kanar Klobb da anka aiko ya tsai da shi, kwana kaɗan kuma sojojinsu sunka kashe shi da Chanoine. Ita ce Tasawar da masu fim sunka je ɗaukar matan sarki.

Sarautar Lugu ba ta rawa ba ce, ba ta ado ba ce. Sarauniya ita ke riƙe da al'adar ƙasa ta Azna, kamar yadda Baura yake a Bagaji. Idan ta rasu, tarkama ake yi: a ɗauki gawa, inda ta kai masu ɗaukarta, nan magajiya take. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma, inda mutane ke kai ƙara. Ko mutum ya yarda da waɗannan al'adu ko ya bar su, tarihi ne, kuma ya nuna cewa a ƙasar nan mace ta riƙe abin da maza ke sunkuyar wa kai.

Ga kuma wata. A 1925, shekarar da motocin ke cikin tafiya, a garin Shikal na ƙasar Kurfai, maƙwabtanmu na wajen Filinge, wata mace mai suna Shibo ta fito da wasu sababbin iskoki. Hausawa na ce musu Babule, Zabarmawa na ce musu Hauka. Idan sun hau mutum sai ya riƙa takun soja, yana ba da oda kamar kwamandan. Samari da ƴan mata sunka bi ta, sunka fara ƙin bin sarakunan da Nasara ya naɗa. Kwamandan na Yamai, Crocicchia, ya sa anka kama su anka kulle. Duk da haka abin ya bazu har nan Arewa. Ku duba abin mamaki: lokacin da Bature ke kallon rawar matanmu yana dariya, matanmu na kallonsa, sun mai da takunsa rawa. Wannan rawa ba ta shiga fim ba, gidan kaso ta shiga.

Rawa a wurinmu tana da suna da lokaci da ƙa'ida. Gaɗar ƴan mata a dandali cikin farin wata daban take da kiɗan ƙwarya na matan aure a gidan buki. Lugude aiki ne da kiɗa a haɗe. Wasan bori kuwa, ga masu yinsa, neman magani ne. Wanda ya zuba su duka cikin ƙwarya ɗaya ya ce rawar dawa, bai san abin da ya gani ba. Bayan haka, rawa ba ta cin ko awa ɗaya cikin kwanan mace. Ina jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin? Ina sussuka da daka, da gamanar da take nomawa da kanta, da kaɗi, da ƙuli-ƙuli, da goyo? Waɗannan ba su sayar da tikiti a Pari.

Da na'ura ta shigo hannunmu

A 1934 ministan ƙasashen mallaka, Pierre Laval, ya kafa doka: ba mai ɗaukar fim a Afirka ta Faransa sai da izinin gwamna. Wannan ya toshe wa ƴan ƙasa hanya har lokacin ƴancin kai a 1960. Bayan nan Mustafa Alasan da Umaru Ganda sunka buɗe ƙofa a Nijar. A 1972 fim ɗin Umaru Ganda, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu. Labarin auren dole ne. Zalika Sule, mace ta farko da ta riƙi wasan fim sana'a a Nijar, ta fito cikinsa. Ta sha zagi a bakin mutanenmu, don sun kasa rarrabe wasa da hali. Ta rasu a 2021. Ke nan ba Bature kaɗai ke yi wa mace kallon raini ba.

A 1980 Abdullahi Mamani ya rubuta littafi bisa Sarauniya. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim, ya ci kyautar Fespaco a 1987. Ya ɗaga sunan Lugu a duniya, mun gode. Amma a Burkina Faso anka ɗauke shi, kuma ya nuna Sarauniya jaruma ce mai harbi da baka tun tana yarinya, alhali a Lugu ƙarfin Sarauniya daga ɗakinta yake fitowa. Ko masoyi, in daga nesa yake, sai ya ƙara gishiri. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya rage gare mu

Yau na'urar da Poirier ya ɗauko cikin mota tana aljihun kowane saurayi. A gidan buki sai ka ga waya goma bisa kan yarinya ɗaya tana rawa, kafin gari ya waye hotonta ya kai inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba, ba wanda ya tambaye ta. Wanda ya yi haka ya gaji mutanen 1924, ko da bai san sunansu ba.

Don haka, duk fim ɗin da kunka kalla, na Kano ne, na Indiya ne, na Turai ne, ku yi tambaya ukku. Wa ya ɗauka? Don wa ya ɗauka? Matar da ke ciki, an ji ta bakinta?

Ku kuma mata masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, daga Matankari har Tibiri, alƙalamin da kuke koyo shi ne maganin wannan cuta. Ku zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye. Ku tambaye su yadda anka yi yunwa, yadda anka yi aikin dole, wace ce ungozomar gari, wace ce zabiya, wace ta ciyar da gida shekarar da maza sunka tafi cin rani. Ku rubuta da sunan gari da shekara, ko da layi biyar ne, ku kai wa malamin ajinku ya aiko mana. Za mu buga shi a nan, da sunan wadda ta faɗa da na wadda ta rubuta.

Allah shi ba mu sa'a.