Bayanan Ciwon Sukari a Intanet da Dacewarsu ga Majinyata a Mada da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi bayanan ciwon sukari da ke intanet ta fuskar mai jinya a Mada da garuruwan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara. Ta dogara ga abin da hukumomin lafiya suka wallafa, tana kuma kafa hujjar cewa amfanin bayani ya rataya ne a kan harshensa da ma'auninsa da cimar da yake magana a kai, da kuma sanin wanda ya ɗauki alhakinsa.

Gabatarwa da Tattaunawa

A rahotonta na 2021, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke da cutar, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna da ita ba. Wanda aka gano masa ita a Mada, in abin ya yi tsanani, sai ya dangana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Ga kuɗin mota, ga fargabar hanya, ga makonni tsakanin ganin likita da na gaba, alhali cuta ce da ake lallaɓawa kullum a gaban kwanon abinci. A wannan tsakanin ne wayar hannu ke zama malama. Sai dai shafin Hukumar Lafiya ta Duniya da harsuna shida yake magana, babu Hausa a ciki. Shirye-shirye irin su Lafiya Zinariya na BBC da Lafiya Jari Ce na RFI kan taɓo cutar, kuma suna da amfani, amma ba a tsara su don bin majinyaci mataki-mataki ba. Filin da ya rage masu tallar magani ne suka mamaye shi a TikTok da Facebook da WhatsApp, da Hausa tsantsa, da alkawarin rabuwa da suga har abada.

Wani zai ce manhajar fassara ta kawar da matsalar harshe. Batun ma'auni kaɗai ya isa ya nuna raunin wannan zance. Ana tabbatar da cutar idan sukarin jinin wanda bai karya ba ya kai 7.0 a ma'aunin mmol/L, wato 126 a ma'aunin mg/dL. Ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Shafukan Ingila da na farko suke aiki, na Amurka da na biyu, a Nijeriya kuwa ana cin karo da duka biyun, a takardar gwaji da kuma na'urar awo ta gida. A ƙaddara dattijo ya karɓi sakamako an rubuta 15, ɗansa ya buɗe shafin Amurka ya ga duk abin da ya gaza 70 sukari ne ya faɗi, a gaggauta ba da abu mai zaƙi. Zai dama wa mahaifinsa ruwan sukari alhali awonsa 270 ne a wancan ma'aunin. Babu kalmar da aka fassara ba daidai ba, shafin ma gaskiya ya faɗa, amma ga wanda ke riƙe da wata na'ura dabam.

Haka abin yake a cima. Shawarwarin ƙasashen waje ba su san tuwon dawa ko fura ko kokon safe ba, don haka majinyaci kan koma ga abin da ya ji a gari: a bar shinkafa, a rungumi alkama da acca, a sa zuma a madadin sukari. Alhali alkama da acca ma hatsi ne da ke komawa sukari a jini, zuma kuwa zaƙi ce kai tsaye. Abin da ke taimakawa shi ne rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da rama, kuma duk ana samun su a kasuwar Mada. Azumi ma yana da nasa ƙa'idojin. Jagoran da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen masana ciwon sukari da Ramadan a 2016, aka sabunta shi a 2021, ya ce a karya azumi idan awo ya gaza 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, kuma tsira yatsa don awo ba ya ɓata azumi. Mai shan maganin glibenclamide ya fi mai shan metformin haɗarin faɗuwar sukari da rana. Da Turanci aka wallafa jagoran, don ma'aikatan lafiya, ga shi kuwa batun azumi tambaya ce da ke tasowa a kowane gida mai majinyaci da zarar an ga wata.

Suka mafi nauyi ita ce intanet ba abin dogaro ba ne a Zamfara, kuma tarihi ya goyi bayanta. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. An mayar wa Gusau da nata layukan a farkon Oktoba, sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba. Abin da wannan ya koyar shi ne irin siffar da bayanin ya kamata ya ɗauka: gajeren saƙon murya da za a sauke sau ɗaya a ajiye a waya, a tura wa maƙwabci ko babu sabis, wanda ba ya karatun boko ma ya saurara. Kowane saƙo ya ɗauki sunan asibitin da ya fito da ranar da aka naɗe shi. Asibitocin Gusau da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, wadda ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, su ne suka fi cancanta da wannan aiki, domin majinyaci na iya zuwa ya tambaye su ido da ido.

Akwai kuma masu cewa tsadar magani ce ainihin ciwon, ilimi ba ya sayen allura. Gaskiya ne, amma wani ilimin yana hana asarar allurar da aka riga aka saya. Rashin wutar da za ta riƙe firiji kan sa a ji tsoron fara insulin, ko a zubar da wanda aka buɗe. Binciken da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Zafin bazara a Zamfara kan wuce haka, shi ya sa ake bukatar ma'aikacin lafiya ya nuna yadda za a rufe kwalbar da kyau a ajiye ta cikin sanyin randa a inuwar ɗaki, ba tare da ruwa ya taɓa bakinta ba.