Kwana a gidan gargajiya na Koriya ta Kudu

Hanok shi ne sunan da Koriyawa ke kiran gidansu na gargajiya, wanda ake ginawa da katako da ƙasa da duwatsu. Akasarin waɗanda suka rage an gina su ne bisa tsarin zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a shekarar 1392.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, da kuma gine-ginen benaye da suka biyo baya, sun laƙume da yawa daga cikinsu. A yanzu wasu masu gidajen na mayar da su masaukin baƙi, abin da ke samar musu kuɗin gyara.

Yadda ake kwana

Baƙo kan tuɓe takalmansa tun kafin ya hau daɓe, domin a ƙasa ake zama, a ci abinci, a kuma kwanta. Bisa al'ada babu gado. Akan shimfiɗa wata 'yar katifa da ake kira yo, da safe a naɗe ta.

Dalili kuwa shi ne tsarin ɗumama ɗaki da ake kira ondol. A da, hayaƙin murhun girki ne ke ratsawa ta ƙarƙashin daɓen dutse, ya ɗumama shi kafin ya fita ta bututu. A yau yawancin masaukan na amfani da bututun ruwan zafi. A lokacin zafi kuma akan sha iska a maru, wato wata rumfa mai daɓen katako da ke tsakanin ɗakuna.

Ƙofofi da tagogi dai akan manna musu hanji, takardar da ake yi da ɓawon itace. Tana shigar da haske, amma ba ta tare sauti, don haka ake son baƙo ya sassauta murya da dare. A wasu tsofaffin gidaje banɗaki na tsakar gida ne, kowa da kowa ke amfani da shi. Wanda ba ya cin naman alade kuma, gara ya sanar da masu gida tun da wuri.

Inda ake samunsu

Mafi shahara su ne unguwar Bukchon da ke birnin Seoul, tsakanin fadojin Gyeongbok da Changdeok, da unguwar hanok ta birnin Jeonju, da ƙauyen Hahoe na Andong. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ziyarci Hahoe a 1999, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi, tare da ƙauyen Yangdong, cikin wuraren tarihi na duniya.

To sai dai waɗannan wurare gidajen jama'a ne. Koke-koken mazauna Bukchon game da hayaniya da leƙen gidaje sun sa hukumomi a 2024 suka taƙaita shigar 'yan yawon buɗe ido wani sashe na unguwar, daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na safe. Matakin dai bai shafi baƙin da suka kama masauki a can ba.