Daga Kauda Zuwa Tukunya Cikin Tukunya: Tarihin Adana Amfanin Lambu a Ƙasar Dutse

Mai karatu, duk wanda yake da ɗan lambu a bayan gida, ko fadama a yankin Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu, ya san cewa amfanin lambu ba ya zuwa da ƙiyasi. Tumatir da tattasai da attaruhu sukan nuna a lokaci guda, har kwando ya faɗi warwas a kasuwar Shuwarin, sannan bayan 'yan watanni uwargida ta nemi na miya da kuɗinta ta rasa. Wannan matsala ta girmi firji da lantarki, kuma yadda magabata suka magance ta yana da darasi ga lafiyar iyalinka a yau.

Makami na farko da Bahaushe ya riƙa shi ne rana. Kuɓewa da kuka da yakuwa da karkashi tsirran Afirka ne tun asali, kuma shanya su ce ta sa tukunyar miya ba ta mutuwa da rani. Hikimar a fili take: ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa hayayyafa sai da danshi, idan aka zare ruwan an yanke musu hanya. Tumatir da barkono kuwa baƙi ne. Asalinsu nahiyar Amurka, Turawan Sifen da Fotugal suka fito da su bayan shekarar 1492, suka bi hanyoyin fatauci har suka iso mana. Da suka zo, sai aka yi musu irin tarbar da aka saba yi wa kuɓewa: a yanka, a shanya, a zuba a buhu. Haka aka samu kauda. Dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshen binciken dabino a garin, shi ma bushewa ce take ba shi tsawon kwana.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnati ta mai da hankali ga noman rani. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin ban ruwa ya bunƙasa a kwarin kogin Kano da na Hadeja, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Amfani ya yawaita, amma wurin ajiya bai ƙaru ba. Shanya tana ceton tumatir da kuɓewa, sai dai ba ta ba ka ɗanyen alayyafo ko yalo bayan mako guda.

A nan ne wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, marigayi Muhammad Bah Abba, ya shiga tarihi. Ya fito daga gidan maginan tukwane, ya kuma san abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. A shekarun 1990 ya ɗauki wannan sani ya faɗaɗa shi. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan lambu a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka kai mako uku, alayyafo ya kai kwana 12. Ya raba dubban tukwane a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa, kuma a shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Daga baya dabarar ta ƙetara har Sudan.

To, me wannan tarihi yake koya maka? Na farko, tukunyar tana aiki ne da busasshiyar iska. Ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka jiƙa yashin safe da yamma, ka kuma sani cewa da damina ƙarfinta yana raguwa. Sanyinta bai kai na firji ba, saboda haka kada a dogara da ita wajen ajiye nama ko allurar rigakafi. Mai amfani da insulin ya tuntuɓi masanin magunguna kafin ya sa maganinsa a ciki.

Na biyu, shanya tana da ƙa'ida. Kaudar da aka baza a bakin kwalta tana kwasar ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi. A shanya a kan tabarma mai tsabta, a ɗage ta daga ƙasa. Ganye irin zogale da rama a shanya su a inuwa, domin zafin rana kai tsaye yana cinye sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda idon yaro yake buƙata. Kada a ɗaure buhu sai abin ya bushe ƙayau. Abin da ya yi funfuna a zubar da shi, ko da an yi asara. A 1960 ne tsuntsayen talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna, daga nan aka gano gubar afilatoksin. Tana iya samuwa a gyaɗa da masara da busasshen barkono, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana ƙara haɗarin kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Na uku, bushewa tana tattara abin da ke cikin abinci wuri guda. Mai ciwon suga ya ƙirga dabinon da yake ci, ko da a buɗa-baki ne. Mai ciwon ƙoda da likita ya hana shi yawan fotasiyam ya yi hattara da kauda da dabino. Mai shan warfarin kada ya ninka cin ganye farat ɗaya don lambu ya yi albarka, domin bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin maganin.

Idan kuma an shanya, an cika tukunya, har yanzu da saura, akwai tsohuwar hanyar da ta riga duka: a aika wa maƙwabta da masu jinya a asibiti tun abin yana ɗanye. Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.