Tambayar da wata ɗaliba ta yi mini a darasin Voulet

Bara ina koyar da ƴan kwaleji tarihin shigowar Faransawa ƙasarmu, sai na kai kan ayarin Voulet da Chanoine na 1899: yadda suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, yadda suka ƙone Birnin Konni a watan Mayu, har zuwa Maijirgi inda sojojinsu suka juya musu bakin bindiga. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ba kiristoci ba ne su? Maƙwabcinmu kirista ne, ya ce addininsu ya hana ko rama mari." Aji ya yi tsit, don akwai yara biyu kiristoci a cikinmu, kuma kowa ya san su.

Na iya cewa gwamnatin Faransa ta lokacin ba ta shiri da coci, in ƙara da cewa yawancin masu riƙe da bindigogin ayarin ƴan Afirka ne. Duka gaskiya ne, amma ba abin da yarinyar ke nema ke nan ba. So take ta san yadda ake gane al'ummar da ke bin koyarwar addininta. Na ce ta ba ni mako guda. Ga abin da na kai musu, ko zai amfani wani malami ko uba.

Na fara da Ruwanda, domin in da yawan masu zuwa coci ake aunawa, ƙasashe kaɗan ne a Afirka za su sha gabanta. Sarki Mutara Rudahigwa ya karɓi baftisma a 1943, a 1946 kuma ya miƙa ƙasar ga Almasihu a bainar jama'a. Kafin 1994, kusan mutum tara cikin goma kiristoci ne. A cikin kwana ɗari na wannan shekara aka kashe mutane wajen 800,000, galibinsu Tutsi. Dubbai sun gudu cikin coci-coci suna zaton nan ne mafaka, a nan aka rutsa da su. A Nyange, motar rusau aka kawo aka ruguza cocin a kan mutanen da ke ciki, kuma kotun duniya da ke Arusha ta yanke wa limamin wurin, Athanase Seromba, ɗaurin rai da rai a 2008. A 2017 Paparoma Francis ya nemi gafara kan gazawar cocin.

Daga nan na koma da su Faransar ta su Voulet, amma zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yulin 1942 ƴan sandan Faransa, ba na Jamus ba, suka kame Yahudawa kusan 13,000 a Paris cikin kwana biyu. A daidai lokacin, can cikin duwatsun kudu, akwai wani ƙauye mai suna Le Chambon-sur-Lignon. Fastonsu André Trocmé da matarsa Magda da manoman karkarar sun ɓoye dubban mutane a gidaje da gonaki da makarantun kwana, yawancinsu yara, suna yi musu takardun bogi, suna tsallakar da wasu zuwa Suwizalan. Da hukuma ta nemi jerin sunaye, faston ya ƙi, aka tsare shi a 1943. Ɗan'uwansa Daniel, mai kula da gidan ɗalibai, an tafi da shi tare da yaransa, ya rasu a sansanin Majdanek.

Littafi ɗaya suke karantawa da mutanen Nyange. To me ya raba su? Ni a nawa ganin, wurin zaman cocin ne. Mutanen Le Chambon jikokin Furotesta ne da sarakunan Faransa suka yi ta farauta bayan an haramta ɗariƙarsu a 1685. Kakanninsu sun yi ibada a ɓoye cikin daji, sun san ƙarar takalmin soja a bakin ƙofa. Cocin Ruwanda kuwa a fada ta girma. Ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da Beljiyam, wadda ta sa ƙabila a katin shaida, sannan bayan ƴancin kai babban bishop na Kigali, Vincent Nsengiyumva, ya shafe shekaru a kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mulki. Wanda ke cin tuwon sarki da wuya ya ce miyar ta yi gishiri.

Sai dai ban yarda yaran su tashi da cewa Ruwanda ba ta da mutanen kirki ba. A Gisenyi akwai Félicité Niyitegeka, Bahutuwa mai hidimar coci, wadda ta ɓoye Tutsi tana tsallakar da su Zayar da dare. Ɗan'uwanta kanar ne a soja, ya aiko mata ta gudu, ta ƙi. Ranar 21 ga Afrilu aka kashe ta tare da waɗanda ta ɓoye. Bambancin shi ne ita kusan ita kaɗai ta tsaya, a Le Chambon kuwa gari guda ya haɗa baki.

Shi ya sa nake roƙon iyaye, in yaro ya tambayi wace ƙasa ce ta fi riƙo da kiristanci, kada a ba shi sunan ƙasa. A tambaye shi wane gari, wace shekara, kuma me suka yi ranar da aka zo kama maƙwabci.

Da na gama, wani yaro daga bayan aji ya ce, "Mushe, mu fa?" Ba a haife shi da daɗewa ba lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, har mutum goma suka mutu, amma ya ji labari a gida. Ya kuma ji cewa akwai musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu ta sunkuyar da kai. Na ce kowa ya je ya tambayi mahaifinsa ina yake a ranar, mu haɗu Litinin.