Kafuwar Unguwannin Bakin Kogi a Arewacin Kaduna: Malali, Unguwar Rimi da Kabala

Gabatarwa

Duk wanda ya bar hayaniyar tsakiyar Kaduna ya yi gabas wajen kogi zai tarar da unguwanni masu inuwa, inda mangwaro da maɗaci suka rufe tituna, ga lambuna a fadama, har mutum ya ɗauka ƙauye ya shiga. A wannan takarda za mu duba yadda Malali da Unguwar Rimi da Kabala suka sami wannan kama. Ra'ayinmu shi ne abubuwa biyu suka haife ta, watau tsarin Turawan mulkin mallaka da kuma zaman ƙauye irin na talakawa.

Kafin Zuwan Turawa

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya biyo ta gabashin garin, sannan ya karkata yamma kan hanyarsa ta faɗawa Kwara. Kafin a kafa gari, Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, su ne ke zaune a wannan yanki cikin ƙananan ƙauyuka, suna noma da su da farauta, ƙasar kuwa tana ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Masana da dama sun ce sunan kogin ya samo asali daga jam'in kada, saboda yawan kadoji a cikinsa. Saboda haka zaman bakin kogi ya girmi birnin kansa.

Tsarin Gwamna Lugga

Ruwa da hanyar jirgin ƙasa su suka jawo hankalin Gwamna Lugga ga wannan wuri. Dogo ya ratsa yankin ya isa Kano cikin 1911, aka soma kawo sojoji, sannan cikin 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A shekarar ne kuma aka kafa dokar tsara garuruwa, aka sa Kaduna cikin garuruwa masu daraja ta biyu.

Bisa ƙa'idar wancan zamani, sai an bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa, watau bariki, da mazaunin baƙar fata, da hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Aka yanka wa Turawa manyan fulotai a arewacin kogi, aka shuka itatuwa a bakin tituna, aka keɓe filin sukuwa, wanda yau ake kira Dandalin Murtala. Aka kuma yi lambun shaƙatawa a bakin kogi, wanda jama'a suka fi sani da Gamji, inda aka kafa ƙaramar gadar ƙarfe da aka kwaso daga Zungeru. Ya kamata mu lura cewa inuwar da muke yabo a yau, asalinta kayan wariya ce.

To, amma bariki ba ya zaunuwa sai da masu aiki. Kuku da boyi da mai gadi da mai kula da doki da leburori duk suna bukatar wurin kwana kusa da iyayen gidansu. Waɗannan, tare da 'yan ci-rani da tsofaffin sojoji, suka riƙa sauka a gefen bariki, suna gina gidajen ƙasa, suna noman rani a fadama. Ta haka ƙauyuka suka girma a bayan katangar manya. Har ila yau sunan Kabala Kostain yana tuna mana da kamfanin gine-gine na Costain.

Bayan Mulkin Kai

Cikin 1956 aka fitar da Kaduna daga Lardin Zazzau ta zama yankin babban birnin Jihar Arewa. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri. Wannan ya sa masana'antu da hayaƙinsu suka fi karkata kudancin kogi, arewa kuwa ta zama wurin mulki da zama. Da Turawa suka tafi, ministoci da manyan sakatarori da hafsoshin soja suka gaji gidajensu. Tsarin gari da Max Lock ya fitar cikin 1967 ya ba da shawara a bar fadamun bakin kogi fili. Daga baya gwamnati ta yanka sababbin fulotai a Unguwar Rimi da Malali, ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi, cikin 1973 kuma aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya a Malali. Sai kowace unguwa ta zama fuska biyu: ɓangaren manya mai shiru da faɗi, da kuma tsohon ƙauye mai lunguna, inda mai unguwa ke sasanta mutane, kowa kuma ya san kowa.

Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun yi wa wannan zama babban lahani. Jama'a suka yi ƙaura, Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi suka taru a arewa. Unguwannin da a dā suka haɗa ƙabilu da addinai suka rasa maƙwabta na shekara da shekaru, bukatar fili kuma ta ƙaru.

Kammalawa

Abin da ya biyo baya a bayyane yake. Ana raba tsohon fuloti gida huɗu ko fiye, a sare itatuwan cikinsa, ana kuma gini a fadamar da aka ce a bari. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna cewa kogi ba ya manta hanyarsa, kuma masu ƙaramin ƙarfi su suka fi hasara. Maɗacin da aka sare cikin yini ɗaya sai ya shekara da dama kafin wani ya maye gurbinsa.

Saboda haka muna kira ga masana tarihi su hanzarta tattara bayanai daga bakin dattawan waɗannan unguwanni, musamman Gwarawa, tun suna raye. Muna kuma roƙon hukuma ta tsare abin da ya rage na fadama da itatuwa, domin inuwar da a dā aka keɓe wa 'yan kaɗan ta zama gadon kowa da kowa.